Bahagon Kebbe da Akwatina Ya Haifa

Samarin da ke zama a gindin durumin kasuwar Tambuwal suna kallona ina aiki sun daɗe da yanke hukunci cewa ba ni da sana'a. Wai akwati ne ke aiki, ni nawa cire murfi da mayarwa. Wani cikinsu har cewa ya yi ko akuya aka koya wa za ta iya, in dai za ta daure ta bar cin takardar. To, tunda malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuta labarin abin da yake ci da shi, kuma samarin nan sun riga ni iya karatu, ga amsarsu a rubuce. Sunana Ummaru, amma kowa Mai Akwati yake ce mini, har uwar 'ya'yana, wadda dama ba ta faɗin sunana.

Hoton farko da na sa hannu a kansa na wani ɗan doka ne, a Gusau. Cin rani ya kai ni can, ina dako a tashar jirgi, sai wani Bayarabe mutumin Ilori, Malam Salami, ya ɗauke ni ina ɗaukar masa akwatin hoto. Rani guda na yi ina ɗauka kawai. Rani na biyu ya bar ni ina wanke hotuna a bokiti. Sai a na uku ya ce in zura hannu ciki. Akwatin katako ne mai ƙafa uku, da ido na gilashi a gaba, da hannun riga baƙi a gefe. Ta hannun rigar nan kake zura naka, ka laluba takarda, ka kafa ta a bayan ido, ka cire murfi, ka ƙirga, ka mayar. Sannan, duk a cikin akwatin, ba ka gani sai lalube, ka tsoma takardar a tasar maganin da ke fito da hoto, ka cire, ka tsoma a ta biyu mai tsayar da shi. In ka rikita tasoshin, ka yi asarar takarda. In haske ya shiga ta hammatarka, ka yi asarar takarda. In ka yi atishawa, Malam Salami yana da wata ƙaramar sanda da yake ajiyewa don wannan.

Abin da ke fara fitowa ba hoto ba ne, uwar hoto ce. A jikinta komai a juye yake, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai an kafa ta a gaban ido an sake ɗaukarta kafin ta haifi hoton gaskiya. Ni kuwa don murna na zaro uwar ɗan dokan nan na miƙa masa. Mutum ya ga fuskarsa fara fat kamar ta Joji, Baturen mulki, haƙoransa baƙi ƙirin kamar ya ci gawayi. Ya ce sai mun je caji ofis mun yi bayanin abin da muka yi masa. Sai da Malam Salami ya durƙusa yana "Ranka ya daɗe, ba a gama haihuwa ba," sannan aka sasanta.

Ku da kuke cewa cire murfi ne kawai, ku gaya mini sau nawa ake ƙirgawa. Rana tsaka uku ne. In gajimare ya rufe, shida. In mutum baƙi ne sosai kuma ya sa farar riga, sai ka zaɓa, ko dai fuskar ta fito ko dai aikin wuyan rigar, kuma galibi rigar yake so. Da bazara magani yakan yi zafi ya ƙone hoto, sai ka binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. In ka wanke hoto, ka lasa gefensa: in da sauran ɗaci bai wanku ba, bayan damina zai koma ruwan ɗorawa, mai shi ya biyo ka har gida. Ku dubi farcena, ba lalle ba ne, magani ne, kuma da shi za a binne ni.

Da na dawo Tambuwal da akwatin kaina, waɗanda suka riƙe ni su ne tsofaffin soja masu neman hoton littafin fansho, da direbobi, da ma'aikatan En'e. Akwai kuma samarin Fulani masu son a ɗauke su da bijiminsu. Bijimi ba ya tsayawa a ƙirga uku, don haka na sha haifar sa mai kai biyu, kuma ba a taɓa mayar mini da ko ɗaya ba, har alfahari ake yi da su. Amma ginshiƙin cinikina magana ɗaya ce da nake faɗi kowace ranar kasuwa har ta zama kirarina: akwati ba ya ƙarya. Saboda ita ofis ke karɓar hotona a ba tsohon soja haƙƙinsa ba tare da an nemi shaida ba. Ku riƙe wannan, don a kanta na kusa karyewa.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, ita ce muguwar shekarata. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ba ya marmarin ganin fuskarsa. Ga shi tun yaƙin Turawa takarda ta yi wuya, abin da ya rage mini fakiti ɗaya ne. Nakan kafa akwati da safe, in kore masa ƙuda har la'asar, in naɗe.

A inuwar kantin gyaɗa na ga abin da ya fisshe ni. Akawun kantin, Malam Ango, yana da wani gwangwani da yake ɓoyo kamar kayan gado. A ciki ƙananan katuna ne tsofaffi, irin waɗanda ake sakawa a kwalin sigari kafin yaƙi. Kowane da hoton Bature cikin fararen kaya, ya ɗaga ƙafa, ya wurga hannu baya zai jefa ƙwallo. Malam Ango bai taɓa ganin wasan da idonsa ba, amma ya san kowannensu kamar maƙwabcinsa. Kuma ba manyan yake so ba.

Yakan ce, "Manya kowa na da su, Mai Akwati. Dubi wannan. Shekara biyu ya yi yana jifa, kafaɗa ta goce, ya koma sayar da kifi. Wa ke tuna shi in ban da ni?"

Ban sani ba ko bayan katin ne ya faɗi haka ko Malam Ango ne ke ƙara gishiri. Ni dai abin da na gani shi ne magidanci mai gemu yana shafa 'yar takarda kamar jinjiri. Na ce a raina, mu ma ai muna da masu wurga hannu. Muna da 'yan dambe.

Na yanka kowace takarda gida takwas. Na tuna wata dabara da na taɓa gani wurin Malam Salami: a shafa wa uwar hoto man gyaɗa har haske ya riƙa ratsa ta, a shiga ɗaki a toshe kowace kafa, a kifa fuskarta a kan fuskar sabuwar takarda, a danne da gilashi, a buɗe taga a ƙirga, a rufe. Uwa ɗaya sai ta haifi 'ya'ya talatin. Da kaka ta yi, duk da ba a samu abin kirki ba, kalangu bai fasa kiran mahauta fage ba, ni kuma na bi su gari gari da akwatina a bayan keke.

Manyan 'yan dambe suka ƙi tsayawa. Suna tsoron abokin karawa ya kai hoton wurin boka a soka masa allura. Waɗanda suka yarda su ne ƙananan, waɗanda ba mai ɓata allurarsa a kansu. Na ɗauki wani ɗan Dogon Daji da ya shekara tara a fage bai kashe kowa ba, ba a kuma kashe shi ba, don ya fi kowa sanin inda gefen fage yake. Kisa a dambe, ga wanda bai sani ba, shi ne a kai mutum ƙasa, ko da gwiwa ce ko tafin hannu ya taɓa. Na ɗauki wani na Sanyinna da ya taɓa kashe babban ɗan dambe sau ɗaya tak, ranar da babban ya taka kashin shanu, kuma har ya tsufa da wannan kashin yake cin abinci. Katin kwabo ne. Samari suka afka musu, ana musaya, ana faɗa, ana jera su a bakin hula. Har yanzu ina da ɗaya na kowannensu a gwangwanina, su arba'in da wani abu, kuma na san wanda ya karye, da wanda ya koma noma, da wanda ya zama ladan.

A Kebbe na ɗauki Labbo. Mahauci ne gajere mai ɗan tumbi, shekara goma sha biyu yana dambe, faɗuwarsa ta fi tsayuwarsa yawa. Ya zo da bantensa da layunsa, ya naɗe hannun dama da kara, wato igiyar da ake ɗaure hannun duka da ita, ya miƙa tafin hagu gaba, ya ɗaure fuska. Ya ce, "Mai Akwati, ka ɗauke ni da tsawo." Na ce tsawo na Allah ne. Na ƙirga uku.

Ga inda aikin akuya ya ƙare. Uwar da ta sha mai, gabanta da bayanta kusan ɗaya suke, hoton na bayyana ta kowane gefe. A ɗaki mai duhu, da hannu mai santsi, na kifa uwar Labbo ta baya. 'Ya'ya talatin suka fito da ɗan dishi-dishi, kamar mutum na fitowa daga cikin hayaƙi, har na ce wannan ya fi kyau, ya yi kwarjini. Ban lura da komai ba.

Ranar kasuwa wani saurayi ya saya, ya tsura masa ido, ya juya ya ba ni baya, ya ɗaga katin, ya gyara tsayuwa irin ta Labbo. Ya ɗaga wannan hannu, ya sauke, ya ɗaga wancan. Sai ya kwarma ihu.

"Jama'a! Wanga bahago na!"

Kafin ka ce kwabo mutum ashirin sun kewaye shi, kowa ya juya baya yana ɗaga hannu kamar masu koyon iyo. Aka tabbatar: hagu ce a naɗe. Ku da ba ku san fage ba, bahago shi ne abin tsoron ɗan dambe. Tun kana yaro ka koyi kare duka daga gefe ɗaya, idonka ya saba, ƙafarka ta saba, har kambunka a wannan damtsen aka ɗaura. Bahago kuwa ta ƙofar baya yake shigo maka. Katuna talatin suka ƙare kafin azahar. Na koma ɗaki na duba uwar a haske, na ga abin da na yi, na zauna a ƙasa. Sai kuma na tashi na sake kifa ta ta baya na haifi wasu talatin. Ba zan ɓoye ba. Shekarar yunwa ce.

Cikin wata guda ana ba da ɗan Dogon Daji biyar a karɓi Labbo ɗaya. Fatake suka kai shi Jega. Makaɗa suka yi masa kirari ba su taɓa ganinsa ba. Aka ce ya taɓa dukan sa ya suma. Aka ce hagunsa ba ta shiga ruwa. Malam Ango ya sayi biyu, ya jera su kusa da Baturensa mai kifi. Ni kuwa ina ta dariya a ciki, har ranar da Sarkin Damben Tambuwal ya sa aka yi shela cewa an aika wa Kebbe goro: Bahagon Kebbe zai kara da Tunau.

Tunau shi ne namu na Tambuwal. In ya tsaya a ƙofar zaure duhu ake yi. Na taɓa ganin ya daki mutum, haƙori ya faɗo a faifan mai ƙosai. Dariyata ta tsaya. Na hau keke sai Kebbe, ina cewa ai can sun san shi, za su mayar da goro.

Ina isa na tarar ana gasa wa Labbo tsire a ƙofar gidansa. Wata tsohuwa, gwaggonsa da ta raine shi, tana zaune a tsakiyar mata tana ba da labari da ƙarfi.

"Ni na san za a rina! Shina ɗan shekara ukku yam miƙa hagu cikin akushi, nib buge hannun da muciya. Ashe baiwa ta nika bugu! Ku yafe mani, jama'a. Mu munka ɓoye ta, akwatin Nasara yag gano ta."

Mata suka yi guɗa. Wato mutanen Kebbe, da suka shekara goma sha biyu suna kallon mutumin nan yana faɗuwa da dama, sun yarda da takarda sun bar idonsu. Kuma da maganata suke kafa hujja: akwati ba ya ƙarya.

Na ja Labbo bayan mahauta, inda ake shanya fatu. Na fito da kati biyu, wanda na juya da wanda na haifa daidai, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya karɓi na daidai ɗin, wanda ya fito tas har ana ganin cibiyarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga wane na?"

"Kai na, Labbo."

"A'a. Wanga wani mahauci na da anka kashe sau talatin. Na san shi, ba shi da daɗin zama." Ya miƙo mini, ya sa ɗayan a aljihu.

Na ce to ya gwada hagun mu gani. Akwai buhun dusa a rataye a reshen aduwa, da kaza tana tono a ƙarƙashi. Ya ja baya, ya yi kururuwa, ya kai wa buhun hagu. Kazar ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Na ce, "Ka gani? Tunau karya ka zai yi. Ka ɗaura damarka, ko ka ce zazzaɓi ya kama ka."

Ya ce, "Mai Akwati, shekara goma sha biyu nika dambe da dama, ko karen Kebbe bai san sunana ba. Wata guda da hagu, an san ni Jega. Jiya surukina yat tashi yab ba ni buzunai in zauna. Surukina! Kai kana son in mai da mashi buzu?"

Na komo gida da lissafi ɗaya a kai. In na yi shiru, za a kwashi Labbo a zana, kuma hannuna ne ya kifa shi. In na yi magana, an ji daga bakina cewa akwati na ƙarya, gobe ofis ya ƙi hoton tsohon soja, in koma dako ina da furfura. Kwana biyu ina juya abin. Ranar karawa da hantsi na tafi zauren Sarkin Dambe. Na same shi da dattawan mahauta, ga Tunau a gefe ana shafa masa magani a damtse.

Na gaishe su, na durƙusa, na ce, "Sarki, laifi niz zo faɗi. Labbo ba bahago ba na. Ni nij juya hoton."

Na fito da uwar, na nuna musu gabanta da bayanta a hasken ƙofa. Sarkin Dambe ya karɓa, ya shinshina, ya ce man gyaɗa ne. Ya miƙa wa na kusa, shi ma ya shinshina.

Sai ya ce, "Mai Akwati, shekara nawa kana cika muna kunne akwati ba ya ƙarya?"

"Da dama, Sarki."

"Shekaranjiya wa anka gani bisa keke hanyar Kebbe?"

"Ni na."

"Anka ba ka tsire?"

"An ba ni, amma..."

Zaure ya fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Tsire tsinke nawa a kuɗin Tunau?" Tunau kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙe, kansa na gogar azara, ya ce, "Na gane. So su kai in tsaya jiran dama, hagu ta ɗauke ni. Kebbe da wayo! In ba hagun ta kai hagu ba, mi za ya sa su aiko mutum da takarda mai maiƙo?" Nan take ya sa aka kwance kambunansa aka mayar ɗaya damtsen. Aka raka ni waje da "Gai da Kebbe!" Na zo in karya sunan akwatina da hannuna, na fita na bar shi ya fi dā ƙarfi.

Bayan la'asar aka buɗe fage a wata gona da aka girbe. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, har a kan kuka mutane suke. Kalangu na kuka. Labbo ya shigo da hagu a naɗe, naɗin ya yi girman tulu don mutum huɗu suka yi shi, kowa na son a ce da shi. Yana tafiya hannun na rinjayarsa gefe ɗaya. Jama'a suka ce, "Ku dubi tafiyar bahago!" Ni kuwa na kafa akwatina a gefen fage.

Turmin farko, Tunau ya miƙa tafi, ya kafa ido a kan tulun nan, ya fara kewayawa. Labbo ya tsaya a tsakiya yana juyawa a hankali kamar mai gasa kansa. Ba ya iya kai duka, don ya san abin da kaza ta sani. Tunau kuwa ya ɗauka jira yake. Suka yi ta zagaye har suka haƙa da'ira a gona. Aka raba, aka sha ruwa.

Turmi na biyu, ƙuda ya sauka a hancin Labbo. Mutum ya manta, ya ɗaga hagu zai kore shi. Tunau ya yi wani tsalle da baya, sai da ya faɗa kan makaɗa ya take ƙafar babbansu. Fage ya ɗauki ihu. Mutanen Kebbe suna, "Iskar ta kaɗai ke nan! Iskar ta kaɗai!" Gwaggo, da aka ɗauko a kan jaki, tana ta neman gafarar muciya.

Turmi na uku, mutanen Tambuwal suka fara yi wa nasu tsiya. "Tunau, dambe anka zo ko ɗawafi?" Ya fusata, ya kai duka ɗaya, amma daga nesa, rabin jikinsa na son zuwa rabi na son gudu. Ya wuce kunnen Labbo da kamu guda. Na ji iskarsa daga inda nake. Labbo ya rufe ido, da ya buɗe ya ga yana nan a tsaye, sai ya daki ƙirji da tafin dama ya yi kururuwar da ban san tana cikinsa ba. Tunau ya koma zagaye. Ana haka aka kira magariba. Sarkin Dambe ya shiga tsakani ya ɗaga hannayensu biyu. Canjaras, babu kisa.

Mutanen Kebbe suka ɗaga Labbo sama, suka zagaya gari da shi. Da suka sauke shi ya yafito ni, ya ce a kunnena, "Kwance mani wagga tsiya, hannun ya mutu tun turmin farko." Ina kwancewa yatsun suka fito fari fat kamar na uwar hoto. Ya ce, "Na gama, Mai Akwati. Wanda yay yi canjaras da Tunau ba ya sake shiga fage da yara." Bai kuwa sake ba. Yana nan Kebbe yana fawa, in baƙi sun zo ganin hagun sai ya ce tana hutu.

Abin da ya biyo baya ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu Tunau ya bar fage, ya yi jikoki, ya ce in rubuta, da sharaɗin in sa cewa rana ce ta shiga idonsa. To, na sa.

Al'adar mahauta ce baƙon da ya kwana ya taya masu gida aiki da safe. Washegari Labbo ya je mahautar Tambuwal, aka ba shi wuƙa don girmamawa, ya feɗe akuya tas cikin ƙiftawar ido. Da dama. Kowa na kallon fuskarsa, mutum ɗaya ne ke kallon hannunsa.

Da hantsi ina goge idon akwati sai rana ta ɓace mini. Na ɗaga kai, Tunau ne. Ya tsuguna har muka yi daidai, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ashe gaskiya kaf faɗi jiya."

Na ce, "Na faɗi, Tunau."

"Turmi ukku nika gudun hannun da ba ya kashe ƙuda."

Na shiga duban inda zan faɗi da babu duwatsu.

"Wa yas sani?"

"Ni, da shi, da kai."

"To mu ukku. In anka zama fuɗu, kai nika nema." Ya miƙe, ya tuɓe riga, ya je ya tsaya gaban baƙin zanen da nake ratayawa, ya zaro kara daga aljihu ya fara naɗe damarsa. "Ɗauke ni. Kuma ka kifa tawa yadda kak kifa tashi."

Na ce, "Sai in kifa. Amma ka sani, ran da katin yaf fita, jama'a za su so ganin hagun cikin fage. Kuma ba kowa na ba zai tsaya zagaye."

Ya dakata da naɗin. Ya ɗaga hagunsa, ya juya ta gaba da baya, ya dunƙule, ya buɗe, kamar yau aka ba shi aronta. Can ya sauke ta, ya mayar bayansa.

Ya ce, "Ɗauke ni yadda Allah yay yi ni. Amma ka sa hayaƙin."